Labarin da aka hana ƙarewa: tsokaci a kan Pokémon da ƴan'uwansa

Hausawa sun ce magana jari ce. Abin da suke nufi shi ne wanda ya iya bakinsa ba ya rasa abin kai wa baki, kuma ba ya rasa mafita ran da ya shiga tsaka mai wuya. Ban yi zaton sun hango zamanin da manyan kamfanoni za su ɗauki karin maganar nan a zahirinta ba, su zuba dukiya cikin labari kamar yadda ɗan kasuwa yake zuba ta cikin albasar Galmi, ya koma gefe yana jiran riba. To, ga shi zamanin ya zo. A yau akwai labarai masu yawa, na tele da na silima, waɗanda ba daga littafi suka fito ba, ba kuma daga bakin wata tsohuwa ba. Daga cikin wasannin bidiyo aka ciro su, kuma masu wasannin ne suke biyan kuɗin tsara su domin kasuwarsu ta ƙara ci.

Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: labarin da aka haifa don ya sayar da haja, ya cancanci a kira shi labari kuwa? In ya cancanta, da wane ma'auni uba ko malami zai gane wanda zai sakar wa yaro da wanda zai tsaya a kansa? Zan fi tsayawa a kan Pokémon, domin shi ne ya fi daɗewa, shi ne kuma wanda ɗan ɓeransa rawaya mai jan kumatu, wato Pikachu, ya iso har jakunkunan ƴan lakwal a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Inda abin ya samo asali

Ba Japanawa ne suka fara ba. Tun 1982 kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ya mai da wasan Pac-Man zane mai motsi don yara su kalla a tele, alhali wasan nan babu labari a cikinsa ko kaɗan, ƙwallo ne mai baki yana haɗiyar ɗigo, fatalwowi na bin sa. Sai da aka ƙirƙiro masa mata da ɗa da gida kafin a sami abin faɗi. A 1984 hukumar sadarwa ta Amurka ta sassauta dokokin da suka taƙaita talla a shirye-shiryen yara, nan fa ƙofa ta buɗe ga shirin da shi kansa talla ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. Wasu ƙasashe sun bi wata hanyar dabam: lardin Kebek na Kanada ya hana tallan da aka nufi ƴan ƙasa da shekara 13 tun 1980, Suwidin kuma ta hana a tele ga ƴan ƙasa da shekara 12 tun 1991. Ke nan gardamar da za mu yi ba sabuwa ba ce, majalisu sun zauna a kanta.

Shi Pokémon, wani Bajapane ne mai suna Satoshi Tajiri ya ƙago shi. An haife shi a 1965, ya tashi a gefen birnin Tokiyo lokacin da akwai sauran fadama da kurmi, yana yawon kamun ƙwari kamar yadda yaranmu suke farautar fara da gyare. Da birni ya cinye dajin, sai ya yi tunanin maido wa yaran birni wannan daɗi a cikin na'ura. Wasan ya fito ran 27 ga Fabrairu 1996 a kan ƴar na'urar hannu ta kamfanin Nintendo mai suna Game Boy, da halittu 151 da ake kamawa, a horar da su, a gwada ƙarfinsu. An fitar da shi kashi biyu, ja da kore, kuma kowane kashi akwai halittun da babu su a ɗayan. Saboda haka wanda yake son ya cika tarinsa, ko dai ya nemi aboki su yi musanya ta waya, ko kuwa ya sayi kaset na biyu. Mai karatu ya lura da wannan, domin dabara guda ce take da fuska biyu, ɗaya tana kallon zumunci, ɗaya tana kallon aljihu, kuma haka duk al'amarin Pokémon yake.

Cikin shekarar nan aka fara sayar da katunansa. Ran 1 ga Afrilu 1997 tashar TV Tokyo ta fara nuna zanen mai motsi, wanda tauraronsa yaro ne ɗan shekara 10 da Japanawa suke kira Satoshi, masu Ingilishi Ash, mu kuma da muka san shi ta bakin Faransanci muke kira Sacha. Duniya ta fara jin sunan shirin ne ta hanyar tsautsayi. Ran 16 ga Disamba 1997 an nuna wani kashi da hasken ja da shuɗi suka riƙa walƙiya da sauri, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, wasu da alamun farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu, sa'an nan ya dawo a Afrilu 1998. Sacha ya yi ta tafiya har Maris 2023, kashi sama da 1,200, halittun kuma suka haura 1,000. Shekara 26 ke nan ba kaɗan, amma ran da ya fita daga tele shekarunsa 10, daidai da ran da ya shiga. Yaran da suka fara kallonsa sun yi aure, ƴaƴansu sun tarar da shi bai ƙara ko taƙi ba.

Wasa daban, labari daban

Me ya hana Sacha girma? Dalili na farko yana cikin halittar wasa ita kanta. Wasa abu ne da ake maimaitawa. In an ci ka a dara, sai a kwashe ƴaƴan a sake zubi. In ka faɗi a langa, ka karkaɗe jikinka ka koma layi. Wasan bidiyo ya kai wannan hali matuƙa: Mario ya faɗa rami ya mutu, ka danna maɓalli ya tashi, ya sake faɗawa ya sake tashi, ba ya ko tuna ya taɓa mutuwa. Ba aibi ba ne wannan, shi ne ma daɗin wasa, domin wuri ne da aka keɓe inda kuskure ba ya barin tabo, mutum ya gwada, ya kasa, ya koya.

Labari kuwa da tabo yake rayuwa. Masanin nan na Girka, Aristo, ya lura tun da daɗewa cewa labari cikakke yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ƙarshen ne yake ba wa sauran ma'ana. Abin da ya sa gaban mai sauraro yake faɗuwa in kura ta doshi ramin da yarinya ta ɓuya, shi ne ya san in an cinye ta ba wani maɓalli. Abin da ya faru ya faru, bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka duk wanda ya ɗauko wasa zai mai da shi labari, ya ɗauko abin da ba ya mutuwa ne zai sa shi a gidan da ba a zama sai da mutuwa.

Wannan ne ya sa finafinan farko da aka ciro daga wasanni suka yi ta tuntuɓe. Fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 ya faɗi warwas, har kamfanin Nintendo ya shekara 30 bai sake kai Mario silima ba. Da ya koma a 2023, da zanen da aka yi a birnin Paris, fim ɗin ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3, sai dai wanda ya kalla ya san ba labari ne ya jawo jama'a ba, murnar sake ganin abin da hannu ya saba da shi ce. A ɗaya gefen akwai The Last of Us, wasan manya na 2013 da tashar HBO ta mai da shi shiri mai dogon zango a 2023. Shi ya karɓu ga masu sharhi domin tun a wasan an gina shi a kan abin da ba ya gyaruwa: wani mutum ya kashe mutane a asibiti, har da likita, don ya ceci yarinyar da yake ɗauka kamar ƴarsa, alhali ana sa ran samun rigakafin annoba daga jikinta, sa'an nan ya yi mata ƙarya. A wasan, ɗan yatsan mai wasa ne yake aikata kisan, kuma ba a ba shi hanyar kaucewa ba. A tele kuwa kallo kawai yake yi. Nauyin ya sauka daga hannu ya koma ido, amma tabon yana nan, shi ya sa labarin ya tsaya da ƙafafunsa.

Dalili na biyu da ya hana Sacha girma ya fi na farko ƙarfi, shi ne ciniki. Duk bayan ƴan shekaru akan fitar da sabon wasa da sababbin halittu, sai a tura Sacha sabuwar ƙasa, ya ajiye yawancin abokan da ya tara, ya fara daga tushe, domin a nuna wa sababbin yara sabuwar haja. Taken da aka tallata shirin da shi a Amurka da Turai umarni ne kai tsaye, cewa a kama su duka. Kuma ta yaya za a kama duka abin da kullum ake ƙara masa yawa? Ran da yaron nan ya girma, ya cim ma burinsa, ya koma gida wurin uwarsa, ran nan kanti ya rufe. Ƙarshe yana gyara labari, amma yana kashe kasuwa, ga kuwa masu kasuwar su ne masu labarin.

Ai Gizo ma ba ya tsufa

Mai adalci zai tsai da ni a nan ya kawo hujja biyu, kuma dukansu masu nauyi ne.

Ta farko: in rashin tsufa laifi ne, to Gizo ya riga Sacha aikata shi. Kakanninmu sun tarar da shi da Ƙoƙi, mun tarar da su, bai daina tsamin baki ba, bai kuma daina cuta ba. Gaskiya ne. Amma a duba yadda ake tatsuniya. Ana buɗe ta da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", kuma tsakanin kalmomin nan biyu an yi ciniki an gama: Gizo ya ci ko an ci shi, mai haɗama ya ga sakamakonsa, yara su watse su kwanta ba bashin kome a kansu. Har ma an hana yin ta da rana, wato an yi mata iyaka don kada ta ci lokacin aiki. Zanen Pokémon kuwa al'adarsa ya rufe kowane kashi da alkawarin za a ci gaba. Bugu da ƙari, Gizo ba shi da ubangida. Yarinya ƴar shekara bakwai tana da ikon ta ɗauke shi ta ƙara masa wata sabuwar ƙeta, ba wanda zai kai ta kotu. Pikachu kuwa dukiyar kamfani ce mai rajista da lauyoyi. Gizo yana dawowa ne don mun kira shi, shi kuwa wancan ana kawo shi ne don a kira mu.

Hujja ta biyu ta fi wuyar turewa: ina labarin da ba a biya ba? Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa don doki da riga, amma ba mai hankalin da zai ce waƙoƙinsa ba su da zurfi saboda an biya shi. La Fontaine, wanda muke karantar da tatsuniyoyinsa a aji, a inuwar masu hali ya rayu. Abubakar Imam kansa, hukumar talifi ta Zariya ce ta ɗauke shi aikin rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930 don a sami abin karantawa a makarantu. In kuɗi suna ɓata labari, to ba sauran labari a duniya. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Biyan mai fasaha ba ya zubar da fasaharsa, kuma mai cewa duk abin da kamfani ya taɓa najasa ne bai san tarihin adabi ba.

Sai dai littafin nan na Imam yana ɗauke da amsar da muke nema. A juzu'i na farko, sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makircin halaka shi da zarar ya fita daga fada. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Wato shi ma akun nan labarinsa tarko ne, an shirya shi don ya riƙe mai sauraro, ya hana shi tashi. Me ya raba shi da tarkon kamfani? Abu biyu. Aku ya riƙe Musa don amfanin Musa, kuma ran da sarki ya dawo haɗari ya wuce, riƙon ya ƙare. Saboda haka ba riƙo ne abin tuhuma ba, kowane labari mai daɗi riƙo yake yi. Abin tambaya shi ne don wa aka riƙe ka, kuma akwai ran da za a sake ka?

Masanin falsafar nan na Jamus, Kant, ya rubuta a 1785 cewa bai halatta a ɗauki ɗan Adam a matsayin abin biyan bukata kawai ba, dole a riƙa ganinsa a matsayin wanda shi kansa abin nufi ne. Kalmar "kawai" ita ce ginshiƙin maganar. Mai tuwo-tuwo tana neman kuɗinka, amma tana so ka ƙoshi. Bukatarta da taka sun haɗu, ba wanda aka cuta. Mai zuba wa tsuntsu tsaba a bakin tarko shi ma ciyarwa yake yi, sai dai ba ƙoshin tsuntsun ne ya dame shi ba. Wanda ya fi shi muni kuwa shi ne mai dafa abincin da aka tsara don kada ya ƙosar. Abin da ya sa maganar ta yi tsanani a kan yara shi ne, babba yana iya gane inda labari ya tsaya talla ta fara, yaro ƙarami kuwa bai kai nan ba. Shi abokinsa yake gani a tele, kuma ba ya zaton aboki zai sa masa hannu a aljihu.

A nan ne ma ya dace a tuna da katunan. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan Pokémon da katunansa, kuma daga cikin dalilanta har da kamanninsu da caca. Ko mutum bai bi dukan dalilan fatawar ba, wannan guda abin dubawa ne: ana sayar da katunan a ƙunshi rufaffe, yaro ya biya bai san abin da ke ciki ba, yana fatan ya dace da mai wuyar samu. In bai dace ba ya sake saye. Zanen tele shi ne yake sa masa son halittar, ƙunshin kuma ya sayar masa da tsammaninta.

Inda marubuci ya saɓa wa ɗan kasuwa

Da a nan maganar ta tsaya, da hukunci ya yi sauƙi, sai mu ce a kashe tele. Amma kamfani ba ya rubutu, mutane yake ɗauka su rubuta masa, kuma mutum yakan shigo da lamirinsa wurin aiki ko ba a gayyace shi ba. Babban marubucin shekarun farko na shirin, Takeshi Shudo, wanda ya rasu a 2010, da abokan aikinsa sun bar wasu abubuwa a cikinsa waɗanda ba su yi kama da talla ba.

Halittar farko da Sacha ya kama da hannunsa wata ƴar tsutsa ce. Ya rene ta har ta zama malam-buɗe-littafi, wanda ake kira Papilusion da Faransanci. A kashi na 21, lokacin da irinsa suke ƙetare teku don su hayayyafa, sai ya sami abokiyar zama, Sacha kuwa ya sake shi ya tafi, yana kuka yana ɗaga masa hannu. A shirin da takensa yake cewa a kama duka, ga tauraro yana sakin abin da ya fi wahala a kansa, don ya gane abin ƙaunarsa yana da tasa rayuwar. Duk uban da ya taɓa raka ƴarsa ɗakin miji ya san abin da ake faɗi a nan, kuma ba na'urar da za ka saya ta ba ka shi.

Na biyu, Sacha ya sha kaye. A gasarsa ta farko an fitar da shi tun kafin a kai kusa da ƙarshe, domin dodon da ya fi dogara da shi ya raina shi, ya kwanta a fili ya ƙi faɗa. Ya sake shiga wata gasar aka kayar da shi, ya sake aka kuma. Sai a 2019, bayan shekara 22, ya ɗauki kofin babbar gasar yanki, a 2022 kuma ya zama zakaran duniya. Na san mai neman aibi zai ce da gangan aka riƙa kayar da shi don kada labarin ya ƙare, kuma bai yi ƙarya ba. Duk da haka, abin da ya isa idon yaro shi ne mutum ya faɗi a gaban jama'a, ya tashi ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. A wasan na'ura in aka ci ka, kashewa kake yi ka sake kunnawa, ba wanda ya gani. Zanen ya nuna abin da wasan ba ya iya nunawa, abin da muke gani a filin kokawa duk shekara in ana neman takobi: mutum guda ne zai ɗauka, sauran kuwa darajarsu tana ga yadda suka karɓi faɗuwa.

Na uku shi ne fim na farko, wanda ya fito a Japan a 1998. Abokin gabar da ke cikinsa, Mewtwo, halitta ce da masana suka ƙera a ɗakin bincike don biyan bukatar masu kuɗi, ta farka tana tambayar don me aka yi ta, ta kuma ƙi yarda cewa manufar wanda ya ƙera ta ita ce iyakar darajarta. Ina ganin da wuya a sami tambayar da ta fi wannan dacewa da shirin kansa. Shi ma an ƙera shi don wata bukata, kuma a wasu wurare ya fi ƙarfin bukatar.

Abin lura shi ne, duk wuraren nan uku da shirin ya taɓa zuciya, wurare ne da ya yarda wani abu ya ƙare: rabuwa, faɗuwa, ƙin zama kayan wani. Inda ya bi ɗan kasuwa sau da ƙafa kuwa, sai maimaici, sabuwar halitta, sabon gari, faɗa iri guda. Ko da aka zo sallamar Sacha a 2023, ba a yarda ya girma ba; an bar shi a kan hanya da Pikachu a kafaɗa, wata mai zuwa kuma aka kawo sababbin yara biyu suka ɗauki tafiyar. Marubuta sun sami ikon rufe ƙananan ƙofofi, babbar ƙofar kuwa makullinta yana hannun wasu.

Mu da muke nesa da kantin

Akwai wani abin mamaki game da matsayinmu a nan. Yawancin yaran ƙasar nan da suka san Pikachu, ta tashoshin tauraron ɗan Adam ko faifan bidiyo ko wayar yayyensu suka san shi, ba su taɓa riƙe na'urar Nintendo ba. Talla ce ta iso inda hajar ba ta iso ba. Wannan yana iya zama rahama, domin in babu kanti sai labarin kaɗai ya rage, yaro ya ɗauki malam-buɗe-littafin ya bar ƙunshin katuna. Yana kuma iya zama azaba, domin an koya masa ƙishirwar abin da babu shi a rijiyar garinsu, ya tashi yana jin cewa yaran gaske suna wata ƙasa. Wanne daga ciki zai faru, ya danganta ga ko akwai babba a kusa da zai tanka. Kuma rahamar nisa ba mai ɗorewa ba ce, tun da wayar hannu ta kawo kantin har cikin ɗaki, da wasannin da ake shiga kyauta sa'an nan a riƙa sayar wa yaro kaya a ciki kaɗan-kaɗan.

Ban ga amfanin hani tsagwaro ba. Abin da aka hana a gida ana kallonsa a maƙwabta, kuma uban da ya ce duk shirme ne ya rasa bakin magana ran da yaro ya gano ba duka ne shirme ba. Abin da ya fi shi ne mu maido wa yaro abin da kamfani ya ƙwace, wato ƙarshe. Uwa tana iya zama ta kalli kashi guda tare da ɗanta, in ya ƙare ta kashe, ta tambaye shi wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, me aka rasa wanda ba zai dawo ba. In yaro ya rasa amsar tambayar nan ta ƙarshe kashi bayan kashi, shi da kansa zai fara gane cewa zagaye ake yi da shi. Malamin Hausa ko na Faransanci kuma yana da aikin da ya fi wannan sauƙi: ya ce wa ƴan aji su rubuta ranar da Sacha ya cika shekara 40, ya dawo garinsu, ya tarar da uwarsa ta tsufa. Yaron da ya rubuta wannan ya yi abin da masu shirin suka kasa yi cikin shekara 26, ya kuma mai da Pikachu irin Gizo, abin da mai ba da labari yake juyawa yadda ya ga dama.

Sa'an nan mu tambayi kanmu abin da muka ajiye a ɗaya hannun. Ba kamfanin Japan ne ya hana tatsuniya a tsakar gidajenmu ba, mu ne muka gaji, muka miƙa wa tele aikin kaka. Wanda bai ba ɗansa labari ko guda ba, bai kamata ya yi fushi da wanda ya ba shi dubu ba, ko da da wata manufa ya bayar.

Amsata ga tambayar da muka fara da ita ke nan. Labarin da aka haifa don ciniki yana iya zama labari na gaske, kamar yadda waƙar da aka yi don doki take iya wuce dokin da mai dokin. Ma'auninsa shi ne ko yana da niyyar sakin mai sauraronsa, ya koma ga rayuwarsa da ɗan guzuri. In ya nuna wannan niyya, ko a kashi guda ne, mu karɓa mu gode. In kuwa ya ƙi, to mu da muke iyaye da malamai mu ne za mu faɗi ƙurunƙus ɗin da bakinmu, mu kashe na'ura, yara su je su kwanta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.